Ƙafa Ta Uku: Me Na Goyo Ke Samu, Me Yake Rasawa?

Babur ɗin Honda Gold Wing, wanda masu doguwar tafiya a Amurka suke ji da shi, nauyinsa ya doshi kilo 400 tun kafin kowa ya hau. A ɗora mai tuƙi, a ɗora matarsa a baya, a cika akwatunan gefe da kaya, sai lodin ya haura kilo 550. Muddin ana gudu babu wanda zai ji wannan nauyi, domin babur mai tafiya shi ke riƙe kansa. Amma da zarar danja ta tsayar da su, duk wannan kaya ya koma kan ƙafar mutum ɗaya. Idan mutumin ya ba sittin baya, gwiwa ta fara ƙara, sannan ya yi rashin sa'a ya dira ƙafarsa kan tsakuwa ko ɗigon baƙin mai a gidan mai, to sai dai a ji su rim a ƙasa, shi da ita da babur ɗin. Irin wannan faɗuwa ta tsaye ba kasafai take kisa ba, amma takan karya ƙugu ko wuyan hannu, kuma takan karya zuciya. Mata da yawa daga ranar suke cewa sun daina hawa.

Wannan tsoro ne ya raya wata babbar sana'a a Amurka da Kanada, ta mayar da babur mai ƙafa biyu ya koma mai uku. Ana kwance tayar baya da duk abin da ke riƙe da ita, a kawo tayoyi biyu irin na mota a jera su gefe da gefe, a sa musu akwatin giyar nan da ke barin tayar waje ta fi ta ciki gudu a kwana, a lulluɓe su da sabon jiki mai madgad da but. Gaban babur ɗin, da injinsa da kujerarsa, suna nan yadda suke. Kamfanoni irin su Motor Trike a jihar Texas, da Roadsmith a Minnesota, da Hannigan a Kentucky, da wannan aiki suka yi suna, kuma kuɗin aikin yakan haura dala dubu goma ban da kuɗin babur ɗin kansa.

Ƙafa uku ba baƙuwa ba ce a can. Kamfanin babura na Harley-Davidson ya yi wani mai suna Servi-Car daga 1932 har zuwa 1973, amma wannan na aiki ne, 'yan sanda da masu gareji suka fi amfani da shi. Na yawon shaƙatawa ya samu gindin zama ne daga baya. A tsakiyar shekarun 1980 wani mutum mai suna John Lehman a lardin Alberta na Kanada ya haɗa wa matarsa guda da ƙarfen bayan wata ƙaramar mota, don ta samu natsuwar ɗaukar yaro a baya. Daga nan kamfanin Lehman Trikes ya tsiro, kuma da shi Harley-Davidson ya haɗa gwiwa lokacin da ya fito da nasa mai ƙafa uku, Tri Glide samfurin 2009. Kasuwa ta buɗe ne saboda masu hawan sun manyanta: ƙididdigar ƙungiyar masana'antun babura ta Amurka ta 2018 ta nuna matsakaicin shekarun mai babur a ƙasar ya kai 50.

Na kawo labarin Lehman ne da gangan, domin tun farko don na baya aka yi abin. Yau kuwa, in ka saurari yadda ake yanke shawarar, gwiwar mai tuƙi ake dubawa, da ƙarfinsa, da aljihunsa. Wanda ake goyo, wanda a can galibi mace ce, sai a ce ai ita ma za ta fi jin daɗi, kamar dai magana ce da ba ta buƙatar bincike. Alhali kuwa a duk cikin mutum biyun nan, ita ce wadda zamanta ya fi canzawa.

Abin da take samu na gaske ne, ba na raina shi. A kan ƙafa biyu, na goyo shi ma tuƙi yake yi ko da bai riƙe kan babur ba. Ba ya hawa sai mai tuƙi ya kafe ƙafafu ya ce bismilla. Ba ya gyara zama a cikin kwana. Ba ya waiwayawa da ƙarfi lokacin da ake lallaɓawa a cunkoso, domin motsinsa kaɗan zai iya karkatar da su. Duk wanda ya taɓa hawa acaɓa ya san wannan tsawar ta "Malam, daina motsi!" To a ce mutum ya yi awa shida yana kiyaye wannan doka, ko bai ce komai ba jikinsa a ɗaure yake. Da an sa ƙafa ta uku, dokar ta faɗi. Tana iya hawa tun kafin shi ya hau, ta taka matakin ƙafa da duk nauyinta, babur ɗin ko gezau. Tana iya miƙe ƙafa, ta juya ta ɗauki hoto, ta buɗe gorar ruwa. A danja ba ta riƙe numfashi tana jiran ta ga ko ƙafarsa za ta zame. Ga mai ciwon ƙugu ko wadda aka yi wa aikin gwiwa, wannan kaɗai ya isa ya zama bambanci tsakanin tafiya da zaman gida.

Sai dai a kwana lissafin yake juyewa, kuma a nan ne masu talla ba su cika tsayawa ba.

Babur mai ƙafa biyu ba ya shan kwana sai ya kwanta. Wannan kwanciyar da baƙon hawa ke jin tsoro, ita ce kuma babbar rahamar da ke cikinsa. Duk abin da ke zagaya kwana yana jin kamar ana tura shi waje. Idan babur ya karkata ciki daidai gwargwado, sai turin nan da nauyin jiki su haɗu su zama ƙarfi ɗaya mai danna mutum kai tsaye cikin kujera. Rataya bokitin ruwa a kan babur ka shiga shataletale a natse: bokitin zai karkata tare da babur ɗin, ruwan ya zauna lafiya a ciki. Ɗora wannan bokitin a ƙasan adaidaita sahu ka shiga shataletalen da gudu ɗaya, ruwan zai hau bango ɗaya ya zube. Jikin mutum ma haka ne.

A sa lissafi a ciki don a ga girman abin. A ɗauki kwana wadda ke zagaye da tazarar mita 50 daga tsakiyarta, a shige ta da gudun kilomita 50 a awa. Turin gefe a nan ya kai kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyin jiki. Mai ƙafa biyu zai kwanta kimanin digiri 21, kuma macen da ke da nauyin kilo 70 za ta ji kamar an ƙara mata kilo biyar ne kacal, ana danna ta ƙasa, bayanta manne da majingina. A kan mai ƙafa uku wanda ba ya kwanciya, mace ɗaya, kwana ɗaya, gudu ɗaya, za ta ji ana jan ta gefe da ƙarfin da ya kai kimanin kilo 27. Babu abin da zai tare wannan ja sai hannunta a kan mariƙi, da cinyarta, da ƙafar da ta kafe a mataki, da tsokar wuyanta da ke ɗauke da hular kwano. A mota akwai ƙofa, akwai bel, akwai kujera mai zurfi da ke rungume mutum, kuma yana zaune ƙasa-ƙasa. Ita kuwa tana can sama, ta fi mai tuƙi tudu, babu bango ta kowane gefe. Shi yana da kan babur a hannu biyu, gwiwoyinsa sun matse tanki, kuma ya san lokacin da kwanar za ta zo domin shi ke shan ta. Ita sai dai ta ji a jikinta.

Kwana ɗaya ba komai ba ce. Amma masu irin waɗannan babura ba don miƙaƙƙen titi suke fita ba. Akwai wata shahararriyar hanya a kan iyakar jihohin Tennessee da North Carolina, wadda suke kira Wutsiyar Dodo, mai kwana 318 a cikin mil 11, wato kusan kilomita 18. A kan ƙafa biyu, na baya da ya saba yana lilo ne kawai tare da babur ɗin, hagu da dama, kamar jariri a goye. A kan ƙafa uku, sau 318 za ta ɗaure jiki ta saki. Shi ya sa kusan duk wanda ya yi wannan juyi sai ka ga ya biyo baya da sayen matokarin hannu na gefen kujera da manyan mariƙai. Kayan nan suna taimakawa ƙwarai, amma yawan cinikinsu ma shaida ce cewa akwai matsalar da ake magancewa.

Mu a nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Tun da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, birnin gaba ɗaya ya tashi daga ƙafa biyu ya koma uku. Kowa ya san zaman mutum uku a bayan adaidaita idan direba ya shigo shataletale da zafinsa: na tsakiya ya faɗa kan na gefe, na gefe ya damƙe ƙarfen rumfa, wata ta ce "Direba, a hankali mana, ba buhu ka ɗauko ba." Adaidaita daga masana'anta aka ƙero ta haka, ba juya ta aka yi ba, kuma tana da rumfa da benci. Amma dokar da ke jefa fasinjanta gefe ita ce dai ke jefa matar da ke bayan Gold Wing a tsaunukan Amurka.

Bayan kwana sai gargada. Babur mai ƙafa biyu sawu ɗaya yake bari a ƙasa, tayar baya tana bin ta gaba. Gwanin tuƙi zai iya ratsa tsakanin ramuka biyu ta kan tudun da bai fi tafin hannu ba. Mota sawu biyu take da shi, tana iya sa rami a tsakiya ta wuce. Mai ƙafa uku sawu uku gare shi, ɗaya a tsakiya, biyu a gefe, faɗinsa kusan mita ɗaya da santimita 40. In ka kauce da tayar gaba, ta baya ɗaya za ta faɗa. In ka sa ramin tsakanin na baya, ta gaba ta riga ta sha shi. Kuma duk abin da tayoyin baya suka daka, a ƙarƙashin wa suke? Mai tuƙi yana tsakiya, tsakanin gaba da baya, inda girgiza ta fi sauƙi. Ita tana kusan saman tayoyin, kamar wanda aka ba kujerar ƙarshe a motar haya.

Irin girgizar ma ta bambanta. Rami a kan ƙafa biyu sama da ƙasa yake jefa mutum, kuma shokazoba da kujera an yi su ne don shanye wannan. Idan taya ɗaya ta mai ƙafa uku ta faɗa rami ɗayar tana tudu, babur ɗin gefe yake jirkicewa ya dawo. Wanda yake can sama, kansa ne ke kaɗawa hagu da dama, ga nauyin hular kwano. Wuya da ƙugu ba su son wannan motsi, kuma soso komai kaurinsa ba ya hana shi.

A nan ne muhawarar da ta raba masu sana'ar biyu ta taso. Wasu suna haɗa tayoyin baya da sanda ɗaya miƙaƙƙiya, yadda duk abin da ya taɓa ɗaya sai ɗayar ta ji. Lehman da wannan ya yi suna, Tri Glide ma haka yake. Amfaninsa shi ne babur ɗin yana tsayawa daram a kwana, ba ya rinjaya waje, ga ƙarko da sauƙin gyara. Illarsa kuwa duk wani tudu da kwari sai ya isar wa na baya. Wasu kuma suna ba kowace taya hannunta da sifirin ɗinta, ta hau ta sauka ita kaɗai. Wannan ya fi laushi nesa ba kusa ba a kan hanya mai gargada, sai dai laushin nan ne kuma ke barin jikin babur ya ɗan rinjaya waje a kwana, wato ya ƙara wa na baya jin kamar za a zubar da ita, sai an sa ƙarfen da ke rage rinjayar. In don na goyo ake magana, ni ina bayan na biyun, domin ramuka sun fi kaifafan kwanoni yawa a kowace tafiya, kuma kwana ana iya rage mata gudu, rami kuwa sau da yawa sai an faɗa ake ganinsa. Akwai kuma kamfanonin da ke ja da tayoyin baya su ƙara wa babur tsawo, yadda kujerar baya za ta faɗo gaban tayoyin maimakon samansu. 'Yan santimitocin nan suna aiki fiye da kujera mai tsada.

Wani abu da ake yawan sakaci da shi shi ne iskar taya. Tayoyin baya na mota ne, an yi su don ɗaukar abin da ya ninka wannan nauyi. Idan mai faci ya cika su kamar na mota, sun zama dutse. Masu harkar sukan bar su ƙasa da na mota sosai, bisa gejin da wanda ya haɗa babur ɗin ya bayar, kuma sau da yawa ƙorafin "wannan abu yana kashe mini baya" a nan yake ƙarewa.

Sannan titi kansa ba a shimfiɗe yake ba, ana ɗan tudunta tsakiyarsa don ruwan sama ya gangara gefe. Mai ƙafa biyu yana tsayawa a miƙe ko da ƙasa ta karkata. Mai uku dole ya bi karkatar, don haka na baya takan yi awoyi a ɗan jirkice, ɗuwawu ɗaya ya fi ɗaya ɗaukar nauyi. Ba a lura da shi a minti goma na farko.

Hannun mai tuƙi ma yana cikin jin daɗinta. Wanda ya shekara talatin a kan ƙafa biyu, jikinsa ya haddace cewa in zai yi hagu da gudu, hannun hagu yake ɗan turawa gaba, babur ya kwanta ya bi. A kan ƙafa uku abin ya juye: sai ya murɗa kan zuwa inda za shi, da ƙarfin damtse, kamar mai tuƙa amalanke. Sabon shiga yakan yi ta fizga, kowace fizga kuwa a wuyan na baya take sauka. Shi ya sa ake canza maƙallan gaba a ɗan miƙar da ƙafar gaban da 'yan digiri, kan ya yi sauƙin murɗawa. Ana sayar da wannan a matsayin taimako ga kafaɗar mai tuƙi, amma wanda bai gaji ba shi ke tuƙi da laushi. Akwai kuma tsohuwar ɗabi'ar sauke ƙafa in za a tsaya, wadda a nan haɗari ce, domin tayar baya tana nan tafe daidai inda ƙafar za ta sauka.

Abin da ya fi damuna shi ne natsuwar da ta wuce kima. Mutum ya ga abu ba ya faɗuwa a tsaye, sai ya ɗauka ba ya faɗuwa sam. Mai taya ɗaya a gaba biyu a baya, in aka shiga kwana da gudun da ya wuce ƙima, musamman aka haɗa da birki, tayar ciki takan ɗaga, nauyi ya tafi kusurwar gaba ta waje inda babu taya. Mun sha ganin adaidaita ta kife ta wannan hanya. Kuma mai barci a baya, wadda ake yabon ƙafa uku da cewa har gyangyaɗi tana iya yi, ita ce ba ta riƙe da komai a lokacin da aka kauce wa wani abu ba zato. Babu bel, babu ƙofa. Hular kwano tana nan a matsayinta.

Masu ƙera babura sun san duk wannan, shi ya sa aka nemi wasu mafita. Kamfanin BRP na Kanada ya fito da Can-Am Spyder a 2007, tayoyi biyu a gaba ɗaya a baya, da na'urar kwamfuta mai rage wuta ta taɓa birki in ta ji taya za ta ɗaga. Wannan ya fi tsayuwa in an taka birki a kwana, kuma na baya tana saman taya ɗaya ce, amma shi ma ba ya kwanciya, don haka jan gefen yana nan. Piaggio MP3 na 2006 da Yamaha Niken na 2018 kuwa ƙafa uku ne masu kwanciya a kwana, sun dawo wa na baya da zaman ƙafa biyu. Sai dai Niken in an tsaya aka sake shi faɗuwa zai yi, wato bai magance abin da ya kori dattijon nan daga ƙafa biyu tun farko ba.

Akwai mutanen da a wurinsu wannan muhawara ba ta taso ba. A Kano da wasu garuruwanmu, masu walda sun daɗe suna mayar da ƙananan babura masu ƙafa uku don waɗanda shan inna ta taɓa, kuma za ka ga magidanci ya ɗauko matarsa ko 'ya'yansa a kai zuwa makaranta. Shi ba zaɓi yake tsakanin daɗi da daɗi ba, ƙafa ta ukun ce ta fitar da shi daga gida. Haka dattijon Amurka da likita ya ce gwiwarsa ba za ta ƙara riƙe kilo 500 ba. Ga irin waɗannan ina goyon bayan juyin ɗari bisa ɗari, abin da ya rage kawai a yi shi da kyau, a kuma rage gudu a kwana saboda na baya.

Wanda nake ja da shi shi ne mai ƙarfinsa da zai kashe dala dubbai yana cewa don matarsa ya yi, bai kuwa taɓa ɗora ta a kan irinsa ba. Aikin nan in an yi shi, komawa baya sai da wata asarar mai yawa. Matan da tsoron faɗuwa ya hana su sakewa sukan ce ƙafa uku ta dawo musu da daɗin tafiya. Waɗanda kuwa suka shekara ashirin suna kwanciya a kwana tare da mazajensu, har jikinsu ya san hanya, da yawansu sukan ce an raba su da abin da suke so, an bar su da riƙon ƙarfe. Ba a gane wacce ce wacce daga kan takardar talla. Sai a nemi irin wanda ake shirin haɗawa, mai irin ƙafafun bayan da ake so, a ɗora ta. Kada a tsaya a zagayen filin dillali mai santsi. A bi da ita ta shataletale biyu ko uku, a hau tudun rage gudu a karkace yadda taya ɗaya za ta riga ɗaya hawa, a nemi tsohuwar kwalta mai faci-faci, a yi awa guda cur. In an tsaya ta cire hular kwano, a tambaye ta wuyanta, da ƙugunta, da yatsun da ta riƙe mariƙi da su.